Gaje Ungozoma da Tokar Shadafi

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa bai nemi mataimaki ba, ya ɗaga sama bai kafa mata ginshiƙi ba, ya ce wa ruwa gangara, ya ce wa tsiro miƙe. Bayan haka, ku matso ku ji labarin Gaje ungozoma, mutuniyar Gangaren Laraba, wadda ta bar garinsu da aska a lalita da fushi a ciki, ta tsallake hamada da kogi da teku, ta dawo askar ta dakushe, fushin kuwa yana nan da kaifinsa. Ni ce Gajen. Wadda ta zo don ta ji labarin 'ya'yan sarakuna ta tashi tun yanzu ta ba wata tabarma.

Gangaren Laraba gari ne a gindin wani jan dutse, a bakin kogi. Noma muke yi da kamun kifi, ba mu yi arziki ba, ba mu kuma kwana da yunwa ba. Ana nan sai wani baƙo mai suna Barmo ya sauka da raƙumansa, ya fasa dutsen, ya nuna wa mazanmu wani ɗan ƙyalli a ciki. Wai zinariya. Kafin damina ta zagayo an jingine fartanya, an naɗa wa Barmo rawani ana ce masa Sarkin Rami. Maza su haƙo dutse su kawo gida, mata su daka shi a turmin da suke daka gero, a wanke a tsince ɗan ƙyallin, garin da ya rage a watsa a tsakar gida ko a kai juji. Ko'ina ya yi fari-fari, har murfin randa.

Agwagi suka fara mutuwa, ba wanda ya kula. Sai aka koma kan yara, kuma ba kowane yaro ba. Jariri lafiyarsa lau muddin yana goye. Da ya fara rarrafe yana kai ƙasa baki, sai ciki ya murɗe, ido ya kafe, jiki ya sandare yana fizga, shi ke nan. Ni nake karɓar su da hannuna ranar haihuwa, ni kuma ake aikowa in wanke su ranar rufewa. Mata suka riƙa yawo baya wofi, zani ɗaya a ƙirji, ba goyo.

Autata Tasalla, wadda ke aure gidan Nomau, ta binne uku a jere. Aka ce wabi take yi. Uwar mijinta, Yalwa, ta ce na gaba in ya zo a kai shi juji a kwantar kamar yadda aka gada, don mutuwa ta ɗauka abin yasarwa ne ta wuce. Aka haifi namiji, aka kai shi juji, aka sa masa Ajuji. Kun san wane juji? Wanda ake zuba garin dutsen Barmo! Wannan ko rarrafen bai kai ba.

Ni dai ido na zuba, na ga 'ya'yan masunta da ke tashi a cikin kwalekwale ko ɗaya bai mutu ba. Na ɗaura gyale na nufi zauren Barmo, na ratsa fadawansa ban yi sallama ba.

Na ce, "Sarkin Rami, ƙasar nan ce ke cin 'ya'yanmu, kuma dutsenka ne ya ɓata ta."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Iya, ke da aka sani da yankan cibi, yaushe kika koma duba? Ajali ne."

Na ce, "In ajali ne, me ya sa naka 'ya'yan ka kwashe su ka kai hayin kogi?"

Sai ya sa aka tura ni waje. Da ƙyallin ya ƙare a rami ya ɗora kayansa ya yi gaba, ko waiwaye babu. An ci moriyar ganga an yada kwaurenta.

Ranar da aka share makokin Ajuji, Tasalla ta dube ni ido a bushe ta ce, "Iya, ni na gama. Ba zan sake ɗaukar ciki don in ciyar da ƙasa ba." A nan na rantse ba zan ƙara yanke cibi a garin nan ba sai na samo abin da ke wanke ƙasa. Dattawa suka ce tsufa ya taɓa ni, wai ƙasa ce ke tsarkake mutum in ya rasa ruwa, wa ya taɓa jin an wanke ta? Na ce su zauna nan su ci gaba da haƙa kaburbura. Na ƙulle garin gero a tsumma, na soke askata, na yi gabas.

Na ratsa wata hamada wadda rairayinta ke kuka in an taka shi, na bi ta ƙarƙashin wasu duwatsu da ke tafiya da rana su tsaya da la'asar, har na isa Birnin Kwanduna. Maƙeran tagulla ne, su ma ƙasarsu ta ɓaci, aka ce mini sun san magani. Birnin kansa a cikin rami yake, gidaje na tsaye a kan ginshiƙan ƙasa, sai an hau tsani a shiga. Daga hantsi zuwa faɗuwar rana mutane ne jere, an ɗaure su ƙafa da ƙafa da igiya ɗaya, kowa da kwando a ka. Suna kankare ƙasar birni suna hawa da ita kan ganuwa suna juyewa ta baya.

Sarkin Kwando, wani kakkaura mai turare, ya kai ni kan ganuwar yana taƙama. Ya ce, "Baƙuwa, kin ga dabara. Ƙasa in ta yi ciwo kwashe ta ake yi."

Na leƙa ƙasa. A gindin ganuwar akwai ƙauye, rabinsa ƙasar da ake juyewa ta rufe shi. Na hango mata a bakin rijiya. Na dubi bayansu, wofi, kamar na garinmu.

Na ce, "Waɗancan fa?"

Ya ce, "Ai ba 'yan birni ba ne."

Kai! Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce masa Allah wadai da wannan dabara, kun share ɗakinku kun zuba a tukunyar maƙwabci kuna kiran kanku masu tsabta. Na zagi rawaninsa, na zagi turarensa. Kafin in rufe baki an ɗora mini kwando, an ɗaura mini igiya a idon sawu, wai dokar birni ce, baƙon da ya kushe aikin shi zai yi shi har ya mutu.

Na ɗauka, ba yadda zan yi. Amma sun manta ba su caje lalitata ba. Hanyar masu kwando ta ƙofar gidan Sarkin Kwando take bi. Da muka tsaya shan ruwa, na bi kwandunan da hannuna ya kai ina tsaga gindinsu da aska, tsaga siririya. Muka tashi, ƙasa na zurara kaɗan-kaɗan, muna isa ƙofar gidansa kwanduna suka ɓarke gaba ɗaya. Ku zo ku ga ihu! Mutumin da ya ce waɗancan ba 'yan birni ba ne ya fito ba takalmi yana kururuwa, "A kwashe yara! A rufe randuna!" Ashe ya san abin da ke cikin kwandon sarai. Cikin wannan hargitsi na yanke igiyata da ta na kusa da ni, muka watse, kowa ya kama gabansa.

Daga nan na yi kudu, na bi wani daji inda itatuwa ke sunkuyar da kai in mutum ya wuce, har na hango wani birni yana walƙiya kamar an shafa masa mai. Birnin Daɓe ke nan. Su ba su kwashe tasu ƙasar ba, rufe ta suka yi. Tituna, kasuwa, tsakar gida, bayan gari, duk an daɓe an goge da makuba, sumul. Ba bishiya, ba ciyawa, ko tururuwa babu. Abinci daga wasu garuruwa ake sayo musu. Da farko har na ce to, waɗannan sun fi. Sai aka ba ni ruwan baƙunta, na kurɓa na ji ɗaci ya kama mini maƙogwaro. Na tambaya, matar gidan ta ɗora yatsa a leɓe. A birnin nan doka ce, ba a maganar abin da ke ƙarƙashin daɓe, wanda kuwa ya fasa daɓe, a ƙarƙashinsa ake rufe shi da rai.

Matar tana da tsohon ciki, naƙuda ta kama ta ina gidan. Rantsuwata a kan garinmu take, don haka na karɓi haihuwar, na yanke cibi. Na ɗauki mabiyiya na ce a nuna mini inda za a binne.  Mijin ya ce su daga kan ganuwa suke jefa wa shirwa.

Na ce, "Abokiyar tafiyar ɗanka za ka ba shirwa? Tir!"

Na sunkuci taɓarya na je bayan ɗaki na maka wa daɓen. A bugu na uku ya tsage. Wani koren ruwa mai wari ya tsattsafo, kuma ka gan shi yana bin ƙarƙashi ya nufi rijiyarsu. Sun rufe gyambo da sabon zani ne kawai, yana ta ci ta ciki.

Dogarai suka ja ni gaban alƙalin birni, jama'a ta cika fili. Ya ce hukunci sananne ne, a rufe ta a ƙarƙashin daɓe.

Na ce, "Allah gafarta malam, na ji na karɓa. Wa zai haƙa ramin?"

Ya nuna wani dogari.

Na ce, "To, shi ma ya fasa daɓe ke nan. Wa zai haƙa nasa?"

Dogarin ya saki diga ya ja da baya. Aka nuna wani, ya ce shi yana da iyali. Alƙali ya ce a sa bawa, wani dattijo ya ce ai wanda ya sa bawa shi ya fasa. Suka kaure da gardama har rana ta karkata, ni kuwa ina zaune ina cin goro. Da suka gaji suka ɗora ni a kan wani tsohon kwalekwale ba abin tuƙi, suka tura ni kogi, suka ce kada in ƙara tako musu daɓe. Na ce ko da kuɗi.

Kogin ya kai ni teku. Ban san iyakar kwanakin da na yi ba, gerona ya ƙare, leɓena ya tsage. Wani kifi mai girman rumbu ya riƙa tura kwalekwalen da goshi, ban san ko taimako yake yi ko wasa da abincinsa ba, har ya jefa ni gaɓar wani tsibiri. Na rarrafa na fito, sai ga gona iya ganin ido, ganye kore shar, mai kauri, kamar rama ta samu taki. Furensa ne kawai baƙi wuluk. Na kai hannu na tsinko, ina kai wa baki sai na ji sanda a bayan hannuna, ƙwas!

Wani tsoho ne, dogo, siriri. Na ce, "Kai wane irin mara imani ne? Ganye ma sai ka hana mayunwaci?"

Ya ce, "Baiwar Allah, in mutuwa kike nema ai da kin zauna a teku. Wannan gonar ba a ci."

Sunansa Jatau, shi ne Sarkin Noman tsibirin. Ya kai ni gida aka dama mini fura, da na dawo hayyacina na ba shi labarin Gangaren Laraba. Ya ce abin da ke cikin dutsenmu sunansa dalma, kakanninsu ma narkar da ita suka yi har tsibirin ya daina raya yaro. Ganyen nan kuwa sunansa shadafi. Saiwarsa ke tsotse dafin daga ƙasa ta tura shi cikin kara da ganye. Ana shuka shi da yawa, a ba shi taki da garin gawayi. Ba a bari akuya ta taɓa, ba a sa shi a tukunya. In ya ƙosa a yanke, a ƙone a rufaffen murhu don kada iska ta kwashi tokar. Duk dafin gonar a cikin 'yar tokar nan yake taruwa. Sai a haɗa ta da yashi a zuga wuta har ta narke ta zama dunƙulen kwalba, wanda ruwa ba ya jiƙawa, iska ba ta ɗauka. Furen shi ne shaida. A kan ƙasa mai ciwo baƙi yake fitowa, in ta fara samun sauƙi ya yi ruwan toka, ranar da ya fito fari a sauke yaro ya yi rarrafe.

Na ce, "Madalla! Kwana nawa yake ɗauka?"

Ya nuna mini gonar da na faɗo ya ce, "Wannan kakana ya fara shuka ta."

Wallahi sai da na miƙe tsaye. Na ce na tsallake hamada, na ɗauki kwando, an kusa rufe ni da rai, don a ba ni aikin da jikan jikana zai gama? Magani na zo nema, ba gado ba! Barmo a 'yan shekaru ya ɓata, mu kuma sai mu ƙare rayuwa muna gyara? Wannan wane irin adalci ne?

Jatau ya bar ni na gama ya ce, "Ba adalci ba ne. Amma kin ga masu sauri, kin ga abin da saurinsu ya haifa. A wannan gonar aka yi maƙera, dafinta ya yi zurfi. Ke ba duniya za ki wanke ba. Fara da inda yaro ke rarrafe."

Ba sa ba da iri sai ga wanda ya yi damina da su, don haka na zauna na yi shuka, na yi yanka, na yi ƙuna, na ga yadda ake narka toka. Ranar da zan tafi ya cika mini gora da iri, masuntansu suka tsallakar da ni, na bi ayarin fatake har kusa da gida, na ƙarasa ni kaɗai.

Na tarar da Gangaren Laraba ta rame. Rabin gari ya tashi, fatake sun daina biyowa, ko kanwa ba a samu a kasuwa. Tasalla na nan baya wofi. Na tara mutane a dandali na yi musu bayani dalla-dalla, na ce abu uku: kada a ci ganyen, kada a ba dabba, kada a taɓa tokar. Suka ce Gaje ta je yawon duniya ta dawo da irin rama. Na ce oho dai. Na tone tsakar gidan Nomau daga zaure har bayan ɗaki, na shuka, na bar 'yar hanya aka shimfiɗa mata kara. Nomau mutum ne mai kunya, bai iya ce wa surukarsa a'a ba.

Ruwa ya sauka, shadafi ya tashi kore shar da baƙin furensa, a shekarar da miya ta yi wuya. Mata su leƙo ta kan danga suna haɗiyar yawu. Na sari sanda irin ta Jatau na zauna gadi, na sha zagi, na rama. Sai da akuyar wani maƙwabci ta tsallako ta yi ɓarna, washegari aka gan ta tana juyi tana kumfa har ta faɗi, sannan aka daina kiran shi rama. Jiki magayi. Gida biyu suka zo neman iri.

A daminar nan Tasalla ta ɗauki ciki. Ba ta gaya mini ba, gani na yi. Na ce mata, "Ke da kika ce kin gama?" Ta ce, "Iya, ke kika sa ni." Tun daga ranar na sa mata ido dare da rana, don na san in wannan ya tafi, ni na jawo mata.

Da kaka muka yanke, muka ƙone a rufaffen murhu, na tara tokar a tulu na liƙe bakinsa da laka, na ajiye a bayan rumbu kafin maƙerin gari ya gama gina wurin narkawa. Da bazara ta kawo kai Tasalla ta sauka, mace, aka sa mata Gwamma. Na karya rantsuwata da hannuna na yanke cibi. Yalwa ta buɗe baki za ta yi maganar juji, na dube ta, ta rufe.

Kun san mai jego ba ta rabuwa da kunun kanwa, shi ke kawo nono, shi ke gyara ciki. Kanwa kuwa babu a gari. Wata safiya, bayan na gama yi wa Tasalla wankan jego, na zagaya bayan rumbu in zubar da ganyen wanka, sai na ga tulun a buɗe. Lakar a fashe, toka ta ragu, ga kwandon tata a gefe yana ɗiga. An tace ruwan toka, irin wanda muke yi da tokar karan gero in kanwa ta yanke.

Ban san da ƙafar da na isa ɗakin ba. Tasalla na zaune da jaririya a cinya, ƙwarya a gabanta tana tururi, ludayi ya kusa leɓenta. Na kai masa duka ya tashi sama. Na shuri ƙwaryar. Na fito madafa na ɗaga tukunyar kunun da zafinta na maka da ƙasa.

Na koma na kama kafaɗunta. "Kin sha? Ki gaya mini, kin sha?"

"Ban kai baki ba, Iya. Zafi ya yi, ina fifitawa."

Tunda aka ɗaura auren 'ya'yanmu ban taɓa kiran sunan uwar Nomau ba, Innar Nomau nake ce mata, ita ma Iyar Tasalla take ce mini. Ran nan na tsaya a tsakiyar gidanta, a gaban ɗanta, na ce, "Yalwa! Yalwa, fito! Juji bai ishe ki ba sai kin haɗa da uwar?"

Ta fito hannunta duk gasara. Ta ce, "Iyar Tasalla, a gidana za ki fasa mini tukunya? Ai ta bi ta wuta. Me wuta ta taɓa bari? Tun kaka da kakanni abin da ya zama toka ya tsarkaka."

Na ce, "Wuta ta ci kara, ba ta ci dalma ba! Dafin gidan nan kaf, wanda ya kashe huɗu, shi na tara a tulun nan, ke kuma kika dama wa mai shayarwa! Ban faɗa a dandali ba? Kunnenki na ina?"

Ta dubi kunun da ke malala a ƙasa, ta dubi ƙofar ɗakin da jaririya ke kuka. Sai ta zauna daɓas. Ta ce, "Nonon ne na ga bai kawo sosai ba. Ni ma jikokina ne na binne, Gaje. Ni na ɗauki Ajuji na kai shi da hannuna."

 Na kankare wurin da kunun ya zuba na mayar cikin tulu. Tun daga ranar Yalwa ta karɓi gadin toka. Ita ke bin gida-gida da sanda ranar ƙuna, kuma ta fi ni masifa, har maƙeri sai ta tsaya a kansa ta ga toka ta zama kwalba.

Gwamma kuwa ba ta taɓa ƙasa ba. Daga bayan uwarta sai bayana, sai bayan Yalwa. Nomau ya kafa mata gadon kara mai faɗi a ɗaki, a kansa ta yi rarrafe, a kansa ta koyi tsayuwa. Damina ta zo furen ya fito baƙi. Ta sake zuwa ya yi ruwan toka, na zauna a gabansa na zage shi tas, na zagi Jatau da kakansa. Yarinya ta yi nauyi, ta fara magana, tana nuna tsakar gida tana cewa a sauke ta. Majanyi ya yi wa Tasalla tabo a ƙirji, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Barmo kuwa an ce yana can wani gari ya fasa wani dutsen, an sake naɗa masa rawani. Ban yafe masa ba, kuma kada wadda ta ce in yafe.

A daminar da ta biyo baya, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Yalwa ta ƙwala mini kira. Na fito, tsakar gidan Nomau fari fat, daga zaure har bayan ɗaki. Na bi fure ɗaya-ɗaya ina dubawa, har wanda ke inda turmi yake a da. Labari ya zaga, mata suka cika gidan. Muka tuge shadafin tsakiya, muka share fili.

Na ce, "Tasalla, sauke ta."

Ta ƙara ƙulle majanyi. Ta ce, "Iya, a bari sai baɗi."

"Baɗi ma haka za ki ce."

"In furen ya yi ƙarya fa? Ke kin tafi kin dawo, ni nan aka bar ni da kaburbura."

 Na zagaya bayanta na kwance ƙullin da kaina, ba ta hana ni ba. Na ɗauko Gwamma na dire ta a kan ƙafafunta. Yarinya ta naɗe yatsun ƙafa, ta ɗaga ɗaya, ta mayar, ta dubi ƙasa kamar ta ga baƙo. Sai ta tsuguna, ta damƙi jiƙaƙƙiyar ƙasa cike da hannu, ta nufi baki da ita.

Gidan ya ɗauki salati. Tasalla ta yi kukan kura za ta fizge ta, na cafke wuyan hannunta. Ni ce kuwa na ƙare ƙuruciyata ina ƙwace ƙasa daga bakin 'ya'yan mutane.

Na ce, "Bar ta ta ci."

Gwamma ta tauna, ta yatsine fuska, ta tofar, ta ce, "Ba daɗi." Ta miƙe ta bi wata kaza da gudu, tana faɗuwa tana tashi.

Yau ita ce waccan da ke raba muku goro, ga nata ɗan can yana rarrafe a gindin turmi. Amma ni abin da ban manta ba shi ne Tasalla a ranar. Ta tsaya a tsakar gida, majanyi a ƙasa, tana ta kai hannu tana shafa bayanta. A garinmu in an ga mace baya wofi gaisuwar mutuwa ake yi mata. Mata suka yi cirko-cirko, ba wadda ta san abin da za ta ce, har Yalwa ta share hawaye da gefen zani ta ce, "To, ku yi mata barka mana."